SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI: BINCIKEN LIKITOCI A KAN RIKICEWAR BUGUN ZUCIYA

1.0 Gabatarwa

Kalmar zuciya tana cikin kalmomin da Bahaushe ya ɗora wa kaya masu yawa. Idan mutum jarumi ne sai a ce yana da zuciya, idan mai saurin fushi ne a ce ya cika zuciya, idan ya razana a ce gabansa ya faɗi, idan kuma hankalinsa ya kwanta a ce ya yi ajiyar zuciya. Da yake mun saba danganta zuciya da halin da rai ke ciki, ranar da bugunta ya rikice da gaske sai mu fassara abin da tsoro, ko yawan tunani, ko gajiya, wasu ma su ce iska ce. Ta haka mutum zai daɗe yana fama da faɗuwar gaba da jiri da haki, ba za a kai shi asibiti ba sai ɓarin jikinsa ya shanye.

Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a cikin harshenmu a kan inda binciken likitoci ya kai game da gano rikicewar bugun zuciya da magance ta. Zan fara da yadda zuciya ke bugawa da ire-iren rikicewar da ke samun ta, sannan in shiga gwaje-gwajen da aka yi. Darasin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne: kyan na'ura ko sabuntar magani ba ya zama hujjar cewa za su ceci rai, sai an gwada su a kan marasa lafiya, kuma marasa lafiyar da suka yi kama da wanda za a ba maganin.

2.0 Yadda Zuciya Ke Bugawa

Zuciya tana da ɗakuna 4, biyu a sama biyu a ƙasa. Na sama su ke karɓar jini, na ƙasa kuma su tunkuɗa shi zuwa huhu da sauran jiki. A tsakanin ɗakunan akwai ƙyamare da ke buɗewa su rufe domin kada jini ya koma baya. Abin da ke sa tsokar ta matse shi ne wata 'yar wutar lantarki da zuciyar ke ƙirƙira da kanta. A saman ɗakin sama na dama akwai wani ƙullin ƙwayoyin halitta da ke sakin wannan wuta sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana zaune cikin natsuwa. Wutar takan ratsa ɗakunan sama, ta ɗan dakata a wani ƙulli na biyu da ke tsakiya, sannan ta gangara ɗakunan ƙasa. Za a iya kwatanta ƙullin farko da mai ganga a wurin gayya, wanda da kiɗansa ne manoma ke ɗaga gamma su sauke a tare. A kwana ɗaya zuciya kan buga kimanin sau 100,000 a bisa wannan tsari.

Wani Bajapane mai suna Sunao Tawara ne ya bayyana ƙullin tsakiya a 1906, Arthur Keith da Martin Flack na Ingila kuma suka gano na sama a 1907. Kafin nan, a farkon shekarun 1900, Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera na'urar da ke zana wutar zuciya a kan takarda, wato wadda ake kira ECG a asibitocinmu, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1924.

3.0 Ire-Iren Rikicewar Bugun Zuciya

Da farko ya kamata a bambance abu biyu. Idan aka ji a rediyo cewa wane ya rasu sakamakon bugun zuciya, galibi ana nufin jijiyar da ke ciyar da tsokar zuciya ce ta toshe. Wannan matsalar hanyar jini ce. Abin da nake magana a kai matsalar hanyar wuta ce, ko da yake ta farko tana iya haifar da ta biyu. Rikicewar wuta ta kasu gida uku.

Na farko shi ne jinkirin bugu, inda wuta ke kasa tasowa ko kasa ratsa ƙullin tsakiya, sai bugu ya sauko zuwa 40 ko 30 a minti. Mai wannan yakan yi fama da kasala da jiri, wani lokaci ya yanke jiki ya faɗi.

Na biyu shi ne rikicin ɗakunan ƙasa, wanda ya fi kowanne haɗari, domin zuciya takan daina tunkuɗa jini nan take. Masu sha'awar ƙwallo za su tuna Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda ya faɗi a fili a birnin Liyon na Faransa a 2003 ya rasu, daga baya aka gano yana da ciwon kaurin tsokar zuciya. Shi kuwa Christian Eriksen na Danmak, da zuciyarsa ta tsaya a fili a 2021, nan take aka danna masa ƙirji aka kuma jona masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu, aka dasa masa irin wannan na'ura ƙarama a jiki, ya koma wasa a 2022.

Na uku shi ne makyarkyatar ɗakunan sama, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da AF. A nan, maimakon mai ganga ɗaya, sai wuta ta riƙa tashi daga wurare barkatai fiye da sau 300 a minti, ɗakunan sama su koma rawar ɗari, bugu ya zama ba tsari. Ita ce ta fi yawa a cikin rikice-rikicen da ke daɗewa, domin an ƙiyasta masu ita a duniya sun kai kusan miliyan 60 a 2019. Haɗarinta shi ne jini yakan kwanta a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu, ya daskare ya zama guda, gudan ya ɓalle ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. Saboda haka mai ita ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar ɓarin jiki kamar sau 5. Mafi yawan binciken da zan kawo a kanta aka yi shi.

4.0 Dalilin Gwajin Ƙuri'a

Idan likitoci suna son sanin ko magani yana aiki, sukan tara marasa lafiya masu yawa, da yardarsu, su raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya a ba shi sabon magani, ɗayan a ba shi tsoho ko ƙwayar da ba komai a cikinta, sannan a bi su shekaru ana ƙirga wanda ya rasu da wanda jikinsa ya shanye. Ƙuri'a ita ke hana likita zaɓar wa maganin da yake so marasa lafiya masu ƙarfi.

Wani gwaji da aka yi a Amurka mai suna CAST ya nuna muhimmancin haka. A shekarun 1980 an lura cewa waɗanda jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa, idan suna yawan samun bugu na tsallake, sun fi saurin mutuwar fuju'a. Akwai kuma magunguna biyu, enkainid da filekainid, da ke kawar da wannan tsallake sarai a takardar ECG, don haka likitoci suka yi ta rubuta su. Da aka raba mutum 1,498 ta ƙuri'a, cikin kimanin wata 10 mutum 63 suka rasu a gidan masu shan maganin, 26 kacal a gidan masu shan ƙwayar banza, dole aka dakatar da ba da su a 1989. Takarda ta gyaru, amma marasa lafiya sun ƙaru da mutuwa, an je neman gira an rasa ido. Har yau ana amfani da filekainid, amma ga waɗanda tsokar zuciyarsu da jijiyoyinta suke lafiya.

5.0 Bincike A Kan Gano Cutar

Wahalar makyarkyatar zuciya ita ce takan zo ta tafi, wasu kuma ba sa jin komai. Mutum zai iya zuwa asibiti a yi masa ECG na daƙiƙa 10 a ga komai daidai, alhali da daddare zuciyarsa ta yi awa biyu tana rawa. Saboda haka masana suka duƙufa neman hanyar sa mata ido dare da rana.

Hanya ta farko ita ce agogon hannu na zamani, wanda ke haska fata ya auna bugu. Jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar da sakamakon wani bincike a 2019 a kan mutum 419,297 masu ɗaura agogon Apple. A cikinsu mutum 2,161 ne agogo ya yi wa gargaɗi, wato kamar mutum 1 cikin 200. Daga cikin 450 da aka manna wa na'urar tantancewa a ƙirji bayan gargaɗin, kashi 34 cikin 100 aka samu da cutar. Ke nan gargaɗin agogo dalili ne na zuwa asibiti, amma ECG ce ke yanke hukunci.

Hanya ta biyu ita ce ƙirƙirarriyar basira. A shekarar dai ta 2019, masana na asibitin Mayo da ke Amurka suka koya wa kwamfuta karatun ECG na mutum fiye da 180,000, har ta kai tana duban takardar da likita zai ce lafiya lau, ta nuna cewa mai ita yana da makyarkyata a ɓoye, tana dacewa kimanin kashi 79 cikin 100. An gwada dangin wannan fasaha a nan Nijeriya: a 2024 aka fitar da sakamakon gwajin ƙuri'a a kan masu ciki da masu jego kimanin 1,200 a asibitoci 6, inda abin sauraron ƙirji mai haɗe da wannan basira ya ninka adadin matan da aka gano suna da raunin tsokar zuciya.

Sai dai tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: in an gano, an hana shanyewar jiki? A Danmak an yi gwajin LOOP a kan tsofaffi 6,004 'yan shekara 70 zuwa 90. An dasa wa 1,501 wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata da ke sauraron zuciya ba dare ba rana. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna an gano cutar a kashi 32 cikin 100 na masu na'ura, a sauran kuwa kashi 12. An gano ninki kusan uku, an kuma ba da maganin tsinka jini da yawa, amma shanyewar jiki ta kama kashi 4.5 na masu na'ura da kashi 5.6 na sauran, bambancin da a ƙa'idar lissafi bai kai a ce ba dace ba ne.

Gwaje-gwaje biyu suka biyo baya a 2023 a kan gajeruwar makyarkyatar da na'ura ce kaɗai ke jin ta. An dakatar da na farko, NOAH-AFNET 6, mai mutum 2,536, domin zubar jini ta ƙaru ba tare da an ga fa'ida bayyananniya ba. Na biyu, ARTESiA, mai mutum 4,012, ya nuna maganin afiksaban ya rage shanyewar jiki daga kashi 1.24 zuwa kashi 0.78 a shekara idan aka gwama shi da asfirin, amma zubar jini mai tsanani ta ƙaru. A fahimtata, abin da waɗannan ke nunawa shi ne makyarkyatar minti 10 ba ɗaya take da ta kullum ba, kuma dole likita ya auna haɗarin kowane mutum, kamar shekarunsa da hawan jini da ciwon suga da ko jikinsa ya taɓa shanyewa, kafin ya ɗora shi a kan magani.

6.0 Bincike A Kan Magani

6.1 Maganin Tsinka Jini

Tsohon magani a wannan fage shi ne wafarin, wanda ya fara fitowa a matsayin maganin ɓera a 1948, aka amince da shi ga ɗan'adam a 1954. Yana rage shanyewar jiki ga masu makyarkyata da kusan kashi biyu cikin uku, amma yana da wuyar sha'ani. Dole a riƙa auna jini a kai a kai, ganyaye irin su alayyafo da kabeji suna rage masa ƙarfi, haka ma wani daga cikin magungunan tarin fuka. Daga 2009 zuwa 2013 aka fitar da sakamakon gwajin sababbin magunguna 4, wato dabigataran da ribaroksaban da afiksaban da idoksaban, a kan mutum fiye da 70,000 jimla. Sun yi daidai da wafarin ko sun fi shi, sun rage zubar jini a ƙwaƙwalwa, ba sa kuma buƙatar awon jini na wata-wata.

To amma waɗannan gwaje-gwaje sun ware masu tsukewar ƙyauren zuciya mai tsanani, alhali su ne da yawa a ƙasashenmu. Asalin wannan ciwo shi ne ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da yaro kan yi a bar shi ba magani, sai garkuwar jiki ta juya ta afka wa ƙyamaren zuciya. Wani bincike mai suna REMEDY da ya fito a 2015, wanda ya tattara masu wannan ciwo 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, ya samu rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma fiye da 1 cikin 5 suna da makyarkyata. Ashe cutar da a Turai ta tsofaffi ce, a nan tana kama sa'o'inmu ɗalibai da matan aure masu ƙananan yara.

Domin cike wannan giɓi aka shirya gwajin INVICTUS a ƙasashe 24 na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, har da Nijeriya. Marigayi Farfesa Bongani Mayosi na Afirka ta Kudu yana cikin waɗanda suka assasa shi. An raba mutum 4,531, kashi 72 cikin 100 mata, tsakanin ribaroksaban da wafarin ko danginsa, ana kyautata zaton sabon zai yi nasara. Da sakamako ya fito a 2022 sai aka ga akasin haka: mutuwa a gidan sabon magani kashi 8.0 a shekara, a gidan wafarin kashi 6.4, shanyewar jiki ma ta fi ƙaranci a gidan wafarin. Daga cikin hasashen da masu binciken suka kawo akwai cewa masu wafarin suna ganin likita duk wata saboda awon jini, don haka an fi sa musu ido. Ko ma mene ne dalili, hukuncin yau shi ne mai makyarkyata da tsukewar ƙyaure wafarin ne nasa. Da tsohuwar zuma ake magani. Da ba a yi gwajin a kan mutanenmu ba, da an ci gaba da sayar musu da magani mai tsada wanda bai kai mai araha ba.

Neman sabo bai tsaya ba, kuma ba kullum ake dacewa ba. A 2023 an dakatar da gwajin wani sabon magani mai suna asundeksiyan, wanda ya ƙunshi mutum kusan 15,000, domin masu shan sa sun fi masu shan afiksaban shanyewar jiki.

6.2 Mayar Da Bugu Kan Tsari

A 2002 gwajin AFFIRM mai mutum 4,060 ya nuna cewa ƙoƙarin mayar da bugu kan tsari da ƙwayoyi bai fi rage masa gudu kawai tsawaita rai ba. Wannan ya sa aka shafe shekaru ana barin zuciya da makyarkyatarta, muddin ba ta gudu da yawa. A 2020 sai gwajin EAST-AFNET 4, wanda aka yi a ƙasashen Turai 11 a kan mutum 2,789, ya nuna cewa idan aka mayar da bugu kan tsari tun cikin shekarar farko da gano cutar, haɗarin mutuwa ta dalilin zuciya da shanyewar jiki da kwanciya asibiti, in an haɗa su, yana raguwa da kashi 21 cikin 100. A nan sammako ne ya yi rana.

Abin da ya sauya tsakanin gwajin biyu, har da zuwan aikin ƙuna. A 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bordeaux na Faransa suka gano cewa mafi yawan wutar da ke tayar da makyarkyata daga bakin jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu take fitowa. Sai aka fito da dabarar zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin zuciya, a zagaye bakin jijiyoyin nan da tabo ta hanyar zafi ko tsananin sanyi, domin tabo ba ya barin wuta ta ratsa. Gwajin CASTLE-AF na 2018, a kan mutum 363 masu makyarkyata haɗe da raunin zuciya, ya samu mutuwa kashi 13 a gidan da aka yi wa aiki, kashi 25 a gidan masu ƙwayoyi. Amma gwajin CABANA na 2019, wanda ya fi shi girma da mutum 2,204 na gama-gari, bai tabbatar da raguwar mutuwa ba, ko da yake cutar ta rage dawowa kuma marasa lafiya sun fi jin daɗin jikinsu. A 2024 a Ingila har aikin bogi aka yi wa rabin mutum 126, da saninsu cewa ƙuri'a za ta iya faɗa musu, aka tabbatar cewa sauƙin da ake samu na gaske ne, ba ɗaukin an yi wa mutum aiki ba.

Sabuwar dabara ita ce ta walƙiyar lantarki, wadda ke huda ƙwayoyin tsokar zuciya cikin ƙiftawar ido ba tare da zafi ba, ta kuma ƙyale maƙoshi da jijiyoyin da ke maƙwabtaka. A gwajin ADVENT na 2023 mai mutum 607, kashi 73 na waɗanda aka yi wa ita sun cika shekara lafiya, na tsohuwar hanya kuwa kashi 71. Wato ta kamo tsohuwar, kuma aikin ya fi sauri.

6.3 Batirin Zuciya

Jinkirin bugu maganinsa batirin zuciya. An dasa na farko a birnin Istokholm na Suwidin a 1958 a jikin wani mai suna Arne Larsson. Awa kaɗan ya yi ya lalace, amma aka yi ta sauya masa har guda 26, ya rayu zuwa 2001 yana ɗan shekara 86, bayan likitan da ya dasa da injiniyan da ya ƙera duk sun riga shi. Tun 2016 kuma aka amince a Amurka da wani batir marar waya, mai girman ƙwayar kafso, da ake sakawa cikin zuciya kai tsaye.

Matsalar nahiyarmu ita ce samu. Wani rahoton ƙungiyar likitocin zuciya ta Afirka da ya fito a 2018 ya nuna cewa a ƙasashe 31 da aka bincika, 8 ba a dasa batir a cikinsu ko kaɗan, kuma a tsaka-tsakin ƙasa bai kai mutum 3 cikin miliyan ake dasa wa a shekara ba, alhali a Turai ɗaruruwa ne. Wannan ya sa Jami'ar Michigan ta Amurka ta jagoranci gwajin sake amfani da batiran da aka ciro daga mamata da izinin iyalansu, bayan an auna ƙarfinsu an tsabtace su. An raba mutum kimanin 300 a ƙasashe 7, ciki har da Nijeriya da Saliyo da Kenya da Mozambik. Sakamakon farko da aka gabatar a 2024 ya nuna cewa a kwana 90 na farko, masu tsohon batir ba su fi masu sabo kamuwa da ƙwayar cuta a wurin dashen ba.

6.4 Abin Da Ke Hannun Mutum

Halin rayuwa ma an gwada shi da ƙuri'a. A Ostireliya a 2020, cikin mashaya giya 140 masu makyarkyata, cutar ta dawo wa kashi 53 na waɗanda suka daina, da kashi 73 na waɗanda suka ci gaba. Kofi kuwa, da aka daɗe ana zargi, gwajin DECAF na 2025 a kan mutum 200 da suka saba shan sa ya samu dawowar cutar kashi 47 ga masu shan kamar kofi ɗaya a rana, kashi 64 ga waɗanda aka hana. Bugu da ƙari, rage ƙiba da kula da hawan jini suna cikin abin da likitoci suka sa a gaba.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga magani da ya gyara takarda ya ƙara mutuwa, da na'urar da ta ninka gano cuta ba tare da ta tabbatar da rage shanyewar jiki ba, da kuma tsohon maganin da ya kayar da sabo a wurin mutanenmu. Dukansu ƙirge ne ya bayyana su, da zato aka bi da an yi asara. Akwai kuma wani ƙirgen da ya shafe mu kai tsaye: wani bincike da ya fito a 2016, wanda ya bi masu makyarkyata kimanin 15,400 da suka je sashen gaggawa a ƙasashe fiye da 40, ya samu kashi 20 cikin 100 na 'yan Afirka sun rasu cikin shekara ɗaya, ninki biyu na Arewacin Amurka da Yammacin Turai.

Saboda haka ina ba 'yan'uwa shawara guda huɗu. Na farko, mu koyi jin bugun jijiya: a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na minti ɗaya, in an ji yana tsallake ba tsari a nemi ECG, musamman ga iyayenmu. Na biyu, kada a raina ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ga yaro, domin ƙwayar fenisilin mai araha tana kare ƙyauren zuciyarsa. Na uku, wanda aka ɗora a kan maganin tsinka jini kada ya daina, ko ya sauya da na wani, ko ya haɗa da sassaƙe, sai da sanin likitansa. Na huɗu ya shafe mu ɗaliban Hausa: babu gwajin da zai yiwu sai marar lafiya ya fahimci abin da za a yi masa ya kuma yarda, wanda kuwa ba ya jin Turanci ba zai fahimta ba sai an sami mai fassara masa daidai, da kalmomin da ya sani. Samar da waɗannan kalmomi da daidaita su aikinmu ne, kuma ya kamata mu fara tun muna makaranta.